Shekarar da Ruwa Ya Ci Tantunan Soja

Ku 'yan makaranta, duk wanda ya leƙo wurin aikinmu a cikinku sai ya ce, "Baba Isyaku, ai aikin naku ba wuya, keken ɗinki ne ke yi." Ranar Juma'ar da ta wuce ma Nafi'u, ɗan Zariyan nan da ke karatun shari'a, ya ƙara da cewa mu masu ɗinka wa soja kaya ba mu san asara ba, wai ko gobara ce ta cinye mu gwamnati za ta biya. Na ce ya sha shayinsa kada ya huce. Yau na sami sarari, to ku zauna in gaya muku yadda abin yake, tun daga allura har zuwa shekarar da ruwa ya shigo mana.

A Sudan aka haife ni, a wani garin Hausawa da ke bakin kogi. Kakanninmu daga ƙasar Haɗeja suka taso za su hajji a ƙafa, suka yada zango a can, zangon ya zama gida. Kawuna tamfol yake ɗinka wa manyan motoci, a wurinsa na fara riƙe basilla. Da na zo Alƙahira ina saurayi, gani nake babu abin da za a koya mini. Wani ɗan garinmu ya kai ni nan unguwar Ainu Shams wurin Hajj Fatahi, mai warsha, wato gidan sana'a, inda ake ɗinka tantuna da jakunkuna da murfin mota na sojoji. Warshar tasa ce ta kansa, ba ta gwamnati ba. Kwangila yake nema kamar kowa. In ya samu mu ci, in bai samu ba mu koma ɗinkin rumfar biki da ta zaman makoki.

Ranar farko ya miƙo mini ƙyalle biyu na tamfol ya ce in haɗa. Na haɗa, ɗinki ya fito a miƙe kamar an ja da zare, na miƙa masa ina murmushi. Ko kallon ɗinkin bai yi ba. Ya tattara bakin ƙyallen ya zama kamar jaka, ya juye ruwan butarsa a ciki, ya ɗaga a saman kaina. Kafin in ƙirga goma ruwa na bin wuyana.

Ya ce, "Ya ibni, ɗana, wannan ɗinkin riga ne. Sojan da zai kwanta a ƙarƙashinsa bai san sunanka ba, amma sai ya tsine maka."

Wata takwas na yi ban taɓa keke ba. Shara nake yi, da naɗe bandir, da goga wa zare kakin zuma.

Abin da na koya a wurinsa daga baya shi ne kowace huda ta allura ƙofa ce ka buɗe wa ruwa. Saboda haka allurar dole ta fi zaren siranta kaɗan, don in zaren ya jiƙe ya kumbura ya toshe ramin da kansa. Ba a ɗora baki kan baki a bi da keke. Sai ka lanƙwasa wannan, ka lanƙwasa wancan, ka sarƙa su kamar yatsun hannu biyu, sannan ka bi layi biyu. In ka matse ɗinki da yawa, ka mai da tamfol kamar takardar da aka huhhuda, iska ɗaya za ta yage shi a kan layin. In ka sake shi da yawa, rairayi ya shiga. Kekenmu ba irin na telan unguwa ba ne. Yana jan yadi ta sama da ta ƙasa a lokaci ɗaya, yana ratsa ninki takwas bai yi tari ba. Ku dubi wannan babban yatsan. Farcen bai sake fitowa daidai ba tun ranar da na juya in amsa sallama ƙafata na kan feda.

Yanka kuwa ya fi ɗinki wuya, shi ya sa a warsha mai yanka ne babba. Almakashina tsawonsa ya kai daga gwiwar hannu zuwa yatsa, ba na ba kowa aro, ko ɗana. Sai alli, da doguwar rula ta ƙarfe. Tamfol na auduga yana tsukewa ranar da ya fara shan ruwa, kuma tsukewar tsaye daban take da ta kwance. In ka yanka daidai awo, ka yanka gajere. Nawa za ka ƙara, wannan babu shi a takarda, sai ka murza bakin bandir tsakanin yatsunka ka ji irin saƙar. Na taɓa fara yanka murfin mota arba'in bisa awon da aka aiko mana a rubuce. Hajj Fatahi ya dubi takardar, ya ce bai yarda da ita ba, ya sa ni a mota na je da tef na auna motocin da kaina. Ashe sababbi ne, ƙarfen bayansu ya fi na tsofaffin tsawo da taƙi guda. Guda shida na riga na yanka. Su muka mayar jakunkuna, kuma daga ranar ban sake sa almakashi a kan awon da idona bai gani ba.

Mai sayen kayanmu ba ya taya farashi a bakin ƙofa, ba ya kuma cewa ma'alish, wato ba komai. Ofishin da ke ba da kwangila yana da mai duba kaya, a shekarun nan wani hafsan soja ne mai suna Hisham, siriri, marar yawan magana. In ya zo sai ya nuna tanti ɗaya cikin kowane goma, wanda ya ga dama, ba wanda muka ɗora a sama ba. A kafa shi a kan titi, a sa tiyo a yi ta feshi rabin awa, shi kuwa yana zaune a ciki da farar takarda a kan gwiwarsa. Ɗigo ɗaya ya taɓa takardar, goman nan duka sun dawo kan keke. In sun tsira, sai ya fito da hatimi ya buga a gefen ƙofar kowane tanti. Ku riƙe wannan hatimin a ranku, don a kansa duk rigimar ta tsaya. Daga lokacin da ya hau, aikinmu a kan tantin ya ƙare, sai jiran motar da za ta zo ta kwashe.

Da Hajj Fatahi ya rasu, Allah ya jiƙansa, matarsa Madam Nawal ta karɓi warsha. Malamar lissafi ce a makarantar 'yan mata kafin ta yi ritaya. Da yawa sun ce ba za ta kai shekara ba. Ta kai, ta ƙara kekuna huɗu, muka zama mutum ashirin da biyu. Ni ne mai yanka, ni ne kuma mai kula da sito. A can ƙarshen ɗakin akwai Sa'adiyya, wata mata daga ƙauyen kudu, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku. Aikinta sa zoben ƙarfe a ramukan da igiya ke bi. Da guduma da ƙarfen huda take yi, bugu ɗaya kowane zobe, ba ta maimaitawa. Shekara goma sha tara ana jin gudumarta tun daga bakin layi. In ta yi shiru, to an kira azahar.

Sitonmu a badrum yake, ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan da ke jikin warsha, matakala goma sha ɗaya ake sauka. Haya ce mai arha, mun raba shi biyu da wani kafinta Kirista, Ammu Girgis. A nan muke jibge bandir-bandir na tamfol, a kan siminti kai tsaye. Sau biyu na ce wa Madam Nawal a yi mana bencuna na katako masu tsawo a ɗaga kayan, ko a nemi ɗaki a sama. Ni ɗan bakin kogi ne, na san ruwa ba ya neman izini wurin shiga rami.

Ta ce, "Ya Usta Ishak," wato gwani Isyaku, don haka Misirawa ke kirana, "nan Alƙahira ce. Sau nawa ake ruwa a shekara? Bari mu gama wannan kwangilar tukuna."

Aka gama waccan, aka shiga wata. Ni ma ban sake tada maganar ba, wannan kuma laifina ne.

A shekarar da nake ba ku labari mun sami kwangilar tanti ɗari uku, mafi girma da muka taɓa samu. Zuwa ƙarshen sanyi mun gama ɗari da tamanin, Hisham ya zo ya zauna a cikinsu da farar takardarsa, ya buga hatimi. Aka ce motoci za su zo ranar Alhamis. Ranar Laraba aka bugo waya cewa an tura motocin wani aiki, sai bayan mako uku. Tanti ɗaya in an naɗe shi ya kai buhun gero biyu girma. Ɗari da tamanin sun cike warsha har babu inda za a shimfiɗa yadi a yanka. Dole muka sauke su badrum. Muka ci gaba da aiki, muka gama wasu hamsin waɗanda ba a duba ba tukuna, su ma suka bi su ƙasa, kusa da bandir ɗin da za a yanka sauran saba'in.

Ruwan ya fara ne da safe, yayyafi, yara na ta tsalle a titi. Zuwa azahar ya zama irin wanda na sani a Sudan, wanda ba ka ganin gidan da ke gabanka. Ya wuni yana zuba, ya kwana. Titunan garin nan ba a gina su don ruwa ba. Magudanan suka cika suka fara mayar da abin da ke cikinsu. Da hantsi a rana ta biyu mai gadin gidan ya zo da gudu, wandonsa a naɗe, ya ce, "Ya Usta, badrum!" Da na isa matakala huɗu kawai ake gani. Na shiga, ruwa ya kawo mini ƙirji, baƙi, da man mota na yawo a kansa, ga wari ba a cewa komai.

Na san abin da ke ranku: ai tanti don ruwa aka yi shi. Don ruwan sama aka yi shi, in yana kafe, ruwa ya bi jikinsa ya gangara, rana ta fito ya bushe. Tantin da ke naɗe ya sha ruwan kwata, kwana uku ya isa fumfuna ta kama shi, ta ci audugar daga ciki. Sai ka ga yadi lafiya lau a ido, ka sa yatsa ya ɓurma.

Kwana huɗu muka yi muna fito da su. Jiƙaƙƙen tanti sai ƙarti huɗu. Sa'adiyya ce ta bi gidajen layin ɗaya bayan ɗaya tana roƙon matan gida su ba mu aron rufin benensu, har gida goma sha wani abu suka yarda suka kwashe shanyarsu da kejin tattabarunsu gefe. In ka hau sama a makon nan, duk unguwar ta koma kore. Mun wanke, mun goge da buroshi, mun shanya. Waɗanda suka tsira ba su kai talatin ba, su ma Hisham da ya zo ya sunsuna ɗaya sai ya girgiza kai. Ban ga laifinsa ba. Ni ma ba zan sa ɗan wani ya kwana a ciki ba.

Madam Nawal tana da inshora, amma ta gobara da sata ce kawai. Sai ta ɗauko lauya, wani mai ƙiba mai fara'a, ofishinsa a Wustul Balad, tsakiyar birni. Ya zo warsha, ya sa aka kira ni ofishin Madam, ya zuba mini shayi da hannunsa. Ya ce maganar mai sauƙi ce. Kayan nan duka don soja aka saye su, don tsaron ƙasa, ruwa kuma ba mu muka kira shi ba, saboda haka ya kamata hukuma ta biya diyyar komai: masu hatimi, da marasa hatimi, da bandir. Ya ce za a turo kwamiti, kuma ni za su fi tambaya tun da ni ke kula da sito.

"Abu ɗaya kawai za ka ce, ya Usta. Ba ku saba ajiye kaya a badrum ba. Jinkirin motocinsu ne ya cika muku warsha, ya sa kuka sauke komai ƙasa. Khalas."

Na ce, "Tantunan hatimi, haka ne. Bandir kuwa shekara shida ke nan a can yake kwana."

Ya yi dariya ya ce, "Wa ya sani in ba kai ba?"

Madam Nawal ta jira sai da ya tafi. Sannan ta cire tabaranta ta ajiye a kan tebur. Ta ce, "Ba zan ce ka yi ba, ba zan ce kada ka yi ba. Amma mutum ashirin da biyu ke ci a gidan nan. Kai ma iƙamarka, izinin zamanka a ƙasar nan, a kan takardar warshar nan take. In an rufe, ka san inda za ka tsaya." Ba barazana take yi mini ba, gaskiya ta faɗa. Baƙo a ƙasar nan, in wurin aikinsa ya mutu, takardar zamansa ta kama hanyar mutuwa. A lokacin 'yata tana shekarar ƙarshe a makarantar koyon jinya.

Na kwana biyu ina juya maganar. A rana ta uku na sauka badrum don in ga ko ya bushe, na tarar da Ammu Girgis zaune a kan bokiti da ƙaramar guduma, yana ɓamɓare ƙofar wata durowa da ta kumbura. Kayan ɗakin amarya ne cikakke ya gama, gado da durowa da madubi, saura mako ɗaya a zo a ɗauka. Katakon duk ya buɗe kamar littafin da ya faɗa rijiya. Na tambaye shi ko shi ma zai rubuta wa gwamnati.

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "In rubuta in ce me? Mai kayana direban bas ne, 'yarsa zai aurar. Zan sake yi masa, da katakon da zan nemo." Ya ci gaba da aikinsa, can ya ƙara da cewa, "Na ji an ce ku za a biya ku. Mabruk. Ruwan da ya shiga ɓangarenku ya fi nawa daraja ke nan."

Ba da zafi ya faɗa ba. Amma na tsaya na dubi layin da ruwa ya bari a bango, layi ɗaya ne ya zagaye ɗakin, bai karkace ba da ya zo kan kayan soja.

Kwamitin mutum uku ne: Hisham, da wata mata daga sashen kuɗi, da wani injiniya tsoho mai tocila. Muka sauka tare, Madam Nawal da lauyanta na bayanmu. Injiniyan ya haska ƙasa, ya haska bango, sannan ya juyo gare ni.

"Kai ne mai kula da nan?"

"Ni ne, ya Basha."

"Tun yaushe ake ajiye yadi a ɗakin nan?"

Na ji lauyan ya yi gyaran murya. Na ce, "Shekara shida."

"A ƙasa?"

"A ƙasa."

"Ka taɓa cewa a ɗaga shi?"

"Na ce sau biyu. Ba a yi ba, ni ma na bari."

Matar ta rubuta. Suka juya za su hau, na ce, "Ya Basha, ban gama ba." Hisham ya tsaya. Na ce, "Kun tambaye ni abin da ke kanmu na faɗa, saura abin da ke kanku. Tunda nake gidan nan tantin da aka buga wa hatimi bai taɓa kwana a badrum ba sai bana. Ɗari da tamanin ɗin nan kai ka zauna a cikinsu, kai ka sa hannu. Da motoci sun zo ranar Alhamis ɗin da aka ce, da yanzu suna can hamada a kafe. Naku ne, ajiya kuka ba mu ba tare da kun tambaye mu ko muna da wuri ba. Abu na biyu, wa'adi. In kuka ci mu tara don ba mu kawo sauran a kan lokaci ba, warshar nan ta mutu. Masu iya wannan ɗinkin a garin nan ka san su, ka san ba su da yawa. Kada ku ba mu abin da ba namu ba. Ku ba mu lokaci."

Hisham ya ce wa matar, "Rubuta wannan ma." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Wata huɗu aka yi kafin amsa ta zo. Sun biya kuɗin tanti ɗari da tamanin ɗin cif. Sun ƙara mana wata biyar babu tara. Hamsin marasa hatimi da bandir kuwa, ko ƙwandala.

To Nafi'u, ga amsar maganarka. Abin da malamai suka ce game da kayan da suka halaka kafin mai saye ya karɓa, kai za ka gaya mana, ni ban yi wannan karatun ba. Amma in ra'ayin mai almakashi kake so, hukuncin nan daidai ne, kuma ko yau aka sake tambayata haka zan ce. Abin da gwamnati ta riga ta karɓa, ko ta jawo asararsa da jinkirinta, ta biya, kada ta ɓoye bayan cewa ruwa na Allah ne. Lokaci kuma ta bayar, don ba ta cin riba da mutuwar masu yi mata aiki, sojanta ne zai kwana a tantin banza. Amma abin da ɗan kwangila ya saya da kuɗinsa, ya ajiye inda ya zaɓa don arha, wannan nasa ne, ribarsa da asararsa. Shekara shidan da muke biyan hayar rami maimakon ta bene, rarar a aljihun warsha ta zauna, ba mu raba da kowa ba. In da duk ɗan kwangilar soja ya san komai ya same shi za a biya, wallahi babu wanda zai sake sayen katako ya ɗaga kaya, babu wanda zai yi inshorar kirki. Kuma kuɗin da za a biya mu da shi, ba daga sama yake faɗowa ba. Da na Ammu Girgis a ciki, da na direban bas.

Na san akwai masu cewa aikin tsaro daban yake, ƙasa ba za ta iya barin masu yi mata shi su durƙushe ba. Akwai gaskiya a ciki. Amma a rubuta shi a kwangila tun farko, a ce kaza kanmu, kaza kanku, a sa sharaɗin inda za a ajiye kaya, a zo a duba. Ba sai ruwa ya gama ɓarna ba a kira lauya ya gyara labari.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Madam Nawal ta sayar da gwal ɗinta da motar marigayi ta sayi sabon tamfol. Wata guda cur ba ta yi mini magana ba sai ta bakin wani, ko kuma ta rubuta a takarda ta ajiye a kan teburin yanka. Ba ta kore ni ba. Ranar da ta sake kirana da sunana, don ta ce in je in duba wani ɗaki ne a hawa na biyu a layin baya, in ga ko zai yi sito. Ya yi, har yau a can muke.

Amma kafin nan sai da ta sallami mutum tara, don babu abin biyan ashirin da biyu. Ta riƙe waɗanda suka iya hawa keke. Sa zobe kuwa, aka ce kowa ya riƙa sa wa nasa tantin. Sa'adiyya tana cikin taran. Ranar da za ta tafi ta naɗe gudumarta a ƙyalle, ta yi sallama da kowa, da ta zo kaina ta wuce.

Bayan kusan shekara na je kasuwar Ataba sayen allurai, na ji ana kiran safa, uku-uku. Na san muryar, ta Sa'adiyya ce. Tana zaune a gefen hanya kusa da mashigar mitro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da kwali a gabanta cike da safa. Na yi sallama, ta amsa. Na tsuguna.

Ta ce, "Kalma ɗaya ce, ya Usta. Da ka faɗe ta, da yanzu ina kan bencina."

Na ce, "Haka ne."

"Babbar 'yata ta bar makaranta."

Na ce na ji. 

Da warsha ta farfaɗo muka sami sabuwar kwangila, ni na roƙi Madam Nawal, ta yarda, na koma Ataba da kaina na ce wa Sa'adiyya bencinta na jiranta, har da ƙarin albashi. Ta ce a'a. Ta ce ta saba da nan, yanzu tana da tebur da rumfa, ɗanta na taya ta, kuma ba ta son ta sake zama inda abincinta ke rataye a bakin wani. Na ce ta yi tunani. Ta ce ta gama yi tun tuni.

Duk wata nakan bi ta wurinta. Safar da ke ƙafata yanzu, a hannunta na saya. Tana gaishe ni, tana tambayar 'yata da ke aiki a asibiti, ta zaɓo mini masu kauri. Ba ta taɓa rage mini ko sisi ba, ni kuma ban taɓa tayawa ba.